Maldibs ko Seshel? Amsa ga ƙanwata ma'aikaciyar jinya

Ƙanwata, kin ce shekararki huɗu kina aikin jinya a nan Zariya, kina da takardar ungozoma, kuma wani ejan ya kawo miki zancen ƙasashe biyu na tsakiyar Tekun Indiya, Maldibs da Seshel, kina so a faɗa miki wadda ta fi. Na ga an cika ki da hotunan farin rairayi da shuɗin ruwa. Wannan rabon masu yawon buɗe ido ne, ke ɗakin marasa lafiya za ki.

Bari in fara da abin da na san shi ne a ran iyayenki, wato addini. A nan Maldibs ba ta da abokiyar gasa. Ƙasar Musulmi ce gaba ɗayanta, har tsarin mulkinsu bai yarda wanda ba Musulmi ba ya zama ɗan ƙasa. Hutun mako Juma'a da Asabar ne, za ki ji kiran salla, ba mai kallon hijabinki, ba a kuma sayar da giya a tsibiran da mutanen ƙasa ke zaune, sai a otal-otal na baƙi. Seshel kuwa yawancinsu mabiya Katolika ne. Akwai masallaci a Biktoriya, babban birnin, amma Musulmi 'yan tsiraru ne, nama ma sai kin tambayi wanda ya yanka.

Sai dai inda gizo ke saƙar shi ne inda za a ajiye ki. Maldibs tsibirai ne kusan 1,200, waɗanda ake zaune a cikinsu ba su cika 200 ba. Babban asibitin gwamnati, wanda aka sa wa sunan Indira Gandhi, yana Male, babban birnin ƙasar. In an ba ki can, kin dace da wurin koyon aiki, kin kuma shiga birnin da cunkoso da tsadar haya suka yi wa katutu. In kuwa aka jefa ki ƙaramar cibiyar lafiya a wani tsibiri mai mutum 'yan ɗaruruwa, wanda za ki zagaye shi da ƙafa kafin shayi ya huce, to labari ya sha bamban. Mu nan in naƙuda ta gardama, mota ake nema a kama hanyar asibitin koyarwa na Shika. Can jirgin ruwa ne, in teku ta yi fushi kuma sai a jira ta sauko, ke ce riƙe da mai naƙudar har lokacin. Takardarki ta ungozoma za ta yi daraja a irin wannan wuri, amma nauyin ma a wuyanki yake. Ga harshe. Dibehi suke yi, rubutunsa daga dama zuwa hagu kamar ajami, tsohuwar da ke kan gado kuma ba lalle ta ji Turancinki ba. Abokan aikinki da yawa 'yan Indiya ne, sun daɗe a can, sun san kan wurin.

Seshel tsibirai 115 ne, amma kusan kowa yana kan uku: Mahe, Pralin da La Dig. Babban asibitin yana Mahe, inda mafi yawan jama'ar suke, don haka wuya a kai ki inda za ki rasa likita kusa. Turanci yana cikin harsunan hukuma tare da Faransanci da Kiriyol. A wajen sauƙin aikin yau da gobe, ni a ganina ta fi.

Cututtukan ma ba ɗaya ba. Maldibs na cikin ƙasashen da ciwon talasimiya ya fi yawa a duniya, ciwon jini na gado, ɗan uwan sikila. Duk nas ɗin da ta kwana a kan yaro mai sikila tana lura da ƙarin jini ba za ta zama baƙuwa ba. Seshel kuma shan hodar heroyin ne ya addabi matasanta.

Abinci a duka biyun kifi ne da shinkafa da kwakwa. Ki tafi da kuka da daddawa da yajinki in an bar ki kin shiga da su.

Kan kuɗi, kada ki tsaya a adadin albashi. Ki tambaya da wane kuɗi za a biya ki. Maldibs ta sha fama da ƙarancin dala, wanda aka biya da rufiya, kuɗin ƙasar, kan sha wuya kafin ya turo gida. Ki tambayi masauki, da tikitin dawowa hutu, da sunan tsibirin da za ki zauna, duk a rubuce cikin kwantiragi.

Da ni ce ke, ba aure, ba yara, ina son in yi sallata cikin kwanciyar hankali, zan ɗauki Maldibs, da sharaɗin Male ko babban asibitin yanki. In ejan ya ƙi rubuta sunan tsibiri, Seshel.

Kowacce ƙasa tana da hukumar rajistar ma'aikatan jinya, sai ta ba ki lasisi, ita kuma sai hukumarmu ta Abuja ta tantance mata takardunki. Seshel tana buƙatar izinin aiki da suke kira GOP, mai ɗaukar ki aiki ne ke nemansa kafin ki taso. A 2023 sun tsaurara wa masu fasfon Najeriya shiga da sunan yawon buɗe ido, saboda haka in ejan ya ce ki je a baƙuwa a gyara takardu daga baya, ki riƙe kuɗinki. Ki kuma sa ido a kan shirin TAC na gwamnatin tarayya, wanda tun 1987 yake tura ƙwararru ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik na shekara biyu. Wannan ba ejan a tsakani.