Chamonix a lokacin sanyi: wane tikiti zaka saya, wanne zaka bari

Tun da hotunan dusar ƙanƙara suka fara yawo a status 'yan uwa suke ta tambayata, musamman ɗalibanmu na Nijar da ke karatu a Lyon da Grenoble da waɗanda suka samu bizar Schengen daga Abuja, wai in mutum yaje Chamonix me zai yi kuma wane tikiti ya dace ya saya. Toh ga abinda na sani, domin naga mutane da yawa sun zuba kuɗi akan tikitin da ko rabinsa basu mora ba kuma abin yana damuna, kuɗin nan da wahala ake samunsu.

Garin dai a Faransa yake, ana kiransa Shamoni a baki, yana kwance cikin kwari a gindin dutsen Mont Blanc wanda tsayinsa ya haura mita 4,800, kan iyakar Faransa da Italiya da kuma Suwizalan a kusa. Daga filin jirgin Geneva tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce a mota. Nan aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924, shi yasa zakaga garin gaba ɗaya wasan zamiya kan ƙanƙara da hawan dutse ne sana'arsu. Shi kansa garin tsayinsa mita 1,035 ne, bai ma kai Jos ba, to a ƙasa numfashi lafiya lau, sai an fara hawa ne labari yake canzawa.

Kafin ka taɓa aljihu ka tambayi kanka, kallo nazo ko zamiya nazo koya? Domin tikitocin kala biyu ne kuma tsakaninsu akwai kuɗi sosai.

Bari in fara da na kallo tunda yawancinmu can muka fi ƙarfi. Abinda kowa yake zuwa dominsa shine Aiguille du Midi, wani tsinin dutse mai tsayin mita 3,842 da motar igiya take kai mutum samansa cikin kamar minti 20, tun 1955 take aiki. Zaka canza mota a tsakiya a wurin da ake kira Plan de l'Aiguille, mita 2,317, daga nan kuma sai ta miƙe sama ba tare da ko turke ɗaya a tsakani ba. A can sama akwai baranduna da zaka tsaya kaga Mont Blanc kamar ka miƙa hannu ka taɓa, akwai kuma wani ɗakin gilas da suka buɗe a 2013 wanda zaka shiga ka tsaya ƙarƙashin ƙafarka ba komai sai rami mai zurfin kusan mita 1,000. Wallahi ranar da sama ta washe babu abinda ya kai shi, mutum sai dai yayi ta tasbihi. Amma tikitin zuwa da dawowa ya haura yuro 70 ga babba, kuma nan ne nake son a nutsu. In gajimare ya rufe saman, fari fat kawai zaka gani, kuɗinka sun tafi. Saboda haka kar ka ɗaure kanka da rana ɗaya tun kana gida, akwai kyamarori a saman da suke nuna yanayin kai tsaye a intanet, ka duba da safe bayan ka idar da asuba, in ya washe ka kama lokaci da wuri ka hau, in bai washe ba ka juya ka yi wani abin. Iska mai ƙarfi ma tana sa a rufe, kuma duk shekara wajen watan Nuwamba suna rufewa na wasu makonni don gyara.

Sai maganar da tafi komai muhimmanci a wajena, kuma ba zaka ganta da manyan baƙi a takardun talla ba tunda ba mu aka rubutawa ba. Sikila. A tsayin nan iskar da kake shaƙa bata kai kashi biyu cikin uku na wadda kake samu a bakin teku ba, kuma motar ta ɗaga ka kusan mita 2,800 cikin 'yan mintuna jiki bai samu damar sabawa ba, ga sanyi da zai iya wuce digiri 15 ƙasa da sifili. Ƙarancin iska da sanyi da ƙishirwa sune abubuwan da suke tayar da ciwon mai sikila, duk ukun kuma suna can sama. Mai SS don Allah kar ya hau sai likitansa ya amince, kai ko mai AS ma ana samun waɗanda saifa take basu matsala a irin wannan tsayin. Mai juna biyu da mai ciwon zuciya suma su haƙura, yara 'yan ƙasa da shekara 3 kuma ba'a barinsu ma. Ko lafiyayye ne zai ji kai yana sarawa, hawa matakala goma sai ka tsaya ka huta, ka tafi a hankali kasha ruwa, in jiri ya matsa ka sauko kawai.

Wanda nake fara turawa mutane shine jirgin ƙasan Montenvers. Ɗan jan jirgi ne mai haƙora a ƙasa da yake kama layin dogo yana hawa, yafi shekara 100 yana wannan aikin, yana tashi daga bayan babbar tashar garin ya ratsa dajin da ƙanƙara ta lulluɓe ya kai ka mita 1,913 cikin kamar minti 20. Kuɗinsa kusan rabin na Aiguille ne, a zaune kake cikin ɗumi, tsayin ma bai kai ya wahalar da yawancin mutane ba. Can zakaga Mer de Glace, kogin daskararriyar ƙanƙara mafi girma a Faransa, wajen kilomita 7, kuma akwai kogo da ake fafewa cikin ƙanƙarar duk shekara a shiga ciki aga yadda take shuɗi. Abinda ya tsaya min a rai a wurin ba kyan bane. A jikin dutsen sun kakkafa alluna masu nuna inda ƙanƙarar take a shekarun baya, kana sauka kana wuce 1990, kana wuce 2000, ita kuma tana can ƙasa nesa, sai da takai ana sauka matakala sama da 500 kafin a taɓa ta. A 2024 suka buɗe sabuwar motar igiya da ta rage matakalan sosai amma har yanzu akwai saura, to in kana tare da su Hajiya ko Baba masu ciwon gwiwa su tsaya a barandar sama, kallon daga nan ma ya isa. Duk wanda ya san yadda tafkin Chadi ya ja da baya zai gane abinda yake gani ba sai an masa bayani ba.

Na uku shine Brévent, ɗaya ɓangaren kwarin, mita 2,525, wato yafi Chappal Waddi na Taraba da yake dutse mafi tsayi a Najeriya. Amfaninsa shine kana fuskantar Mont Blanc ne gaba da gaba ka ganshi gaba ɗayansa, kuma ɓangaren rana ne, ga sauƙin kuɗi akan Aiguille. In hoto kake so da iyali nan zan ce kaje. Daga tsakiyarsa, Planpraz, masu tashi da laima suke tashi, zaka iya biya ƙwararre ya ɗaure ka a gabansa ku yi shawagi ku sauka cikin gari, ba sai ka iya komai ba, gudu kaɗan ne kawai wajen tashi, amma da tsada kuma shima sai yanayi ya yarda.

In zaka yi biyu ko uku daga cikin waɗannan a kwana ɗaya ko biyu, ka tambayi tikitin haɗaka na masu tafiya a ƙafa, wato waɗanda kallo kawai suka zo, ka lissafa, sau da yawa yafi sayen ɗaiɗai. Sai dai ka tuna a Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 5 kuma duwatsu suna tare ta tun kafin nan, wuri biyu a yini shine daidai, kuma azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa kusa, ka fita da alwala da 'yar dardumarka.

Yanzu masu son koyon zamiya. Akwai manyan tikitoci biyu da zasu nuna maka, Chamonix Le Pass da Mont Blanc Unlimited. Na farkon yana buɗe maka filayen kwarin irin su Brévent da Flégère da Balme da Grands Montets, na biyun ya haɗa har da Aiguille du Midi da Montenvers da Les Houches da Courmayeur ta Italiya da ake bi ta ramin Mont Blanc mai kilomita 11.6. Gaskiyar magana in baka taɓa sa ƙafa a katakon zamiya ba duk biyun ba naka bane. Chamonix gari ne na gwanaye, gangarensa masu tsauri ne, kuma filayen a warwatse suke sai ka hau bas daga wannan zuwa wancan. Hanyoyin launi ake basu, kore na 'yan koyo, shuɗi, ja, sai baƙi na ƙwararru, kai kuma kwana biyun farko akan kore zaka ƙare, to me zai sa ka biya kuɗin dutsen da bazaka hau ba? Akwai ƙananan filayen koyo a ƙasa, Les Planards da Le Savoy cikin gari, La Vormaine a ƙauyen Le Tour, suna da nasu ƙaramin tikitin mai sauƙi. Kuɗin da ka rage ka zuba su wajen malami, makarantar koyar da zamiya ta ESF masu jajayen kaya suna ko'ina, darasin rukuni yafi araha amma yawanci na kwanaki ne a jere, malami naka kai kaɗai yafi tsada amma awa biyu dashi zai koya maka tsayawa da juyawa, kuma in ku uku ne ko huɗu kuna iya haɗa kuɗi ku ɗauke shi tare. Kar ka yarda aboki yace zai koya maka a saman dutse, haka ake karya gwiwa. Takalmi da katako da sanduna da hular kwano duk haya ake bayarwa, kar ka saya. Inshorar yini da ake ƙarawa akan tikiti kuwa ka saya, 'yan yuro kaɗan ne, domin in ka faɗi aka sauko da kai daga filin zamiya kai zaka biya kuma kuɗin ba wasa bane.

Vallée Blanche da zaka ji ana ta yabo, gangaren kusan kilomita 20 daga Aiguille du Midi akan kogin ƙanƙara mai ramuka, wannan na gwanaye ne tare da jagora, kallo kawai.

Wanda baya son zamiya kuma yana son ya taka ƙanƙarar da ƙafarsa, tafiya da faffaɗan takalmin nan da ake kira raket itace mafi sauƙi, in ka iya tafiya ka iya ta, rabin yini da jagora cikin daji shiru ba hayaniya. Yara kuma a Les Planards akwai keken zamiya mai bin dogo da birki a hannu.

Kaya ma sayayya ce. Shadda da yadin auduga in suka jiƙe sanyi suke riƙewa, ka sa na ciki mai kama jiki, suwaita, sai babbar jaket da ruwa baya ratsawa, a shagon kayan wasanni na Decathlon zaka samu da sauƙi kafin ka iso domin shagunan cikin garin akwai tsada. Safar hannu, takalmi mai ƙasa da baya santsi, da baƙin tabarau dole, hasken rana akan ƙanƙara yana ƙona ido. 'Yan uwa mata ku tura hijabi cikin jaket, doguwar abaya tana iya maƙalewa wajen hawa kujerun igiya. Abinci kuma ku tambaya kafin ku ci, tartiflette da naman alade ake yinta, fondue da giya ake narka cukun, raclette kuma ana kawo ta da yankakken naman alade a gefe amma zaka iya cewa a baka cuku da dankali kaɗai.

Lokaci kuwa, ka guji makon Kirsimeti da sabuwar shekara da hutun makarantun Faransa na Fabrairu, layi da tsadar ɗaki sai su cinye maka tafiyar. Tsakiyar Janairu tafi sauƙi amma sanyi yafi, Maris rana ta fara tsawo kuma ƙanƙara tana nan a sama. In kuɗin ɗaki a tsakiyar gari ya maka yawa ka duba Les Houches ko Servoz, jirgin ƙasan kwarin yana bi ta nan, kuma ka karɓi katin baƙo a masaukinka ranar da ka sauka domin dashi ake samun sauƙin bas da jirgin.