Sabis a garejin dila: takarda ta ce an canja, filta ta ce ƙarya ne

Na daɗe ina son rubuta wannan, abin da ya hana ni shi ne ban so in rubuta cikin fushi, don ranar da abin ya faru da na ɗauki waya wallahi da zagi kawai zan zuba. Yanzu zuciya ta huce. Ba zan kama sunan kamfanin ba, ba kuma zan faɗi irin motar ba, dila ne dai babba mai gareji a bayan inda suke baje sababbin motoci, irin wurin nan da ƙasan ma sheƙi take yi, ga sanyin AC ga kujeru masu laushi ga kanikawa cikin yunifom iri ɗaya. A wurinsu na sayi motar sabuwa dal, da garanti na shekara 3 ko kilomita 100,000 duk wanda ya riga cika, kuma duk kilomita 10,000 nake kai ta sabis, ban taɓa tsallake ko ɗaya ba.

Sabis na huɗu ne ya ɓallo ruwa. An miƙo min takarda mai layi wajen talatin, kowane layi an yi masa alamar an duba, a rasit kuma an rubuta an canja filtar AC, an kuma caje ni kuɗinta. Sati biyu da hakan AC ta fara wani wari kamar na rigar da ta kwana a jiƙe. Wani abokina ya ce kai buɗe akwatin gaban fasinja mana, filtar na bayansa, ko sifana ba ka buƙata. Na matse gefe da gefe akwatin ya sauko, na zaro ta. Jama'a. Baƙa ƙirin, busassun ganye sun cika ninkin har da fiffiken ƙwaro, in na buga ta a ƙasa ƙura na tashi. Ko a rumbun gawayi na ajiye motar filtar sati biyu ba za ta yi haka ba. Ita ce wadda aka sako tun daga masana'anta, ba wanda ya taɓa ta.

Na zuba ta a leda na koma. Wanda ke karɓar motoci a kanta, mutum mai fara'a ne gaskiya, ya kalli ledar ya ce, "Yallaɓai ka yi haƙuri, kuskuren yara ne, yanzun nan za a sa maka sabuwa." Bai yi gardama ba, minti goma aka gama, wannan kam na yaba musu. Amma na ce masa, "Malam, wannan da zan iya gani da idona ke nan ba a yi ba, to sauran layi ashirin da tara ɗin fa?" Murmushi kawai ya yi, ya ce in sha Allahu ba za a sake ba.

Daga ranar na zama ɗan bin diddigi. Duk sabis in na dawo gida sai na bar motar ta huce a wuri mai daidai, na zaro gejin mai na goge na mayar na sake zarowa. Sabis na biyar baƙin mai ya wuce alamar sama da kusan faɗin yatsa. Mutane na ganin ai mai in ya yi yawa alheri ne, ba haka ba ne, in ya yi yawa karanshaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji, ke bugunsa ya zama kumfa, kumfa kuwa ba ta shafe ƙarfe yadda ya kamata, ga shi yana matsa wa sil, robar da ke hana mai fita, har ya fara yoyo. Sabis na shida kuma ɗigo na riƙa gani a ƙasa duk safiya, ɗigo biyu uku, na leƙa sai na ga daga notin zubar da mai ne. Akwai wata 'yar washa ta alminiyom ko jan ƙarfe da ke matsewa in an ɗaure notin, sau ɗaya ake amfani da ita, su kuwa tsohuwar suka mayar sannan suka ɗaure notin kamar suna gaba da shi don ya rufe yoyon. Notin nan a yawancin ƙananan motoci ɗaurinsa bai wuce Nm 30 zuwa 40 ba (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), in aka wuce gona da iri zaren kwanon mai ke lalacewa, kuma kai za a ce ka sayi sabon kwano.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne notin taya. Taya ta yi faci da daddare a hanya, na fito da sifanar motar, na taka na hau da ƙafa biyu ina lilo a kai kamar yaro, noti ko gezau. Da bindigar iska suka ɗaure su. Littafin motata Nm 103 ya ce, ɗaurin da mutum zai kwance da hannu ba tare da ya yi gumi ba. Sai da wani mai babbar mota ya tsaya ya ara min dogon bututu na zura a sifanar, Allah ya saka masa.

To kar a ce na zo ɓata su ne kawai. Akwai abin da ba wanda zai yi maka sai su, kuma a nan sun yi ƙoƙari. Famfon ruwa ya fara zuba wata biyu kafin garanti ya ƙare, suka canja ko sisi ban biya ba, babu ja-in-ja. Lokacin da kamfanin da ya ƙera motar ya yi kiranye kan famfon fetur, wato ya ce a dawo da motocin da ke da matsalar a gyara, su suka kira ni a waya, suka duba lambar VIN, wannan mai harafi da lamba 17 da ke ƙasan gilashin gaba, suka ce tawa na ciki in kawo. Kiranye ba abin wasa ba ne, wanda ya bi labarin jakar iska ta Takata ya sani, miliyoyin motoci aka kira a duniya saboda sinadarin da ke hura jakar yana lalacewa da zafi da laima, jakar ta fashe ta watso ƙarfe a fuskar direba, mutane sun mutu, kamfanin ma ya durƙushe a 2017. Irin wannan gyaran kyauta ne kuma a dila ake yi. Haka giyata da take ɗan fizga in za ta tashi, sabunta manhajar kwamfutar giyar suka yi ta daina, ni ina zan samo wannan a tsakar gida.

Kuma akwai wani dattijo a cikinsu, shi ke riƙe manyan ayyuka, in ya saurari inji na minti ɗaya zai faɗa maka inda ciwon yake. Matsalar ita ce motarka in sabis na yau da kullum ta zo ba za ta taɓa isa hannunsa ba. Juye mai, filta, juya tayoyi, duk yaran da suka fara aiki ake ba wa, kuma motoci ne a layi ana ta azalzalarsu. A gareji da yawa na irin wannan kowane aiki akwai lokacin da littafi ya yanka masa, in ka gama da wuri ka ci riba in ka daɗe kai ka sani, to yaro mai mota goma a gabansa zai tsaya neman washa sabuwa ne? Ni ban ma ga laifin yaran sosai ba. Shi kuma na kanta aikinsa ya sayar, shi ya sa duk zuwa sai an ce maka inji na buƙatar wanki ta ciki, ga wani ruwa da za a zuba a tanki, ga wancan ga wancan. Na koyi amsa ɗaya: nuna min a littafin motar. Sau da yawa a nan maganar ke mutuwa.

Da garanti ya ƙare sai na ce bari in gwada da kaina. Na sayi akwatin sifana, jak mai kyau, ƙafafun ƙarfe biyu na tokare mota, sifana mai ma'auni wadda ke yin ƙas in ɗauri ya kai, da kwanon tarar mai. Ƙafafun nan ba zaɓi ba ne, kar ka kuskura ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, jak na sauka ba sallama.

Kuma don kar in yi ta zuba kamar ni gwani ne, juyen mai na farko da na yi saura ƙiris in kashe injin. Na kwance tsohuwar filtar mai, ban lura ba robar bakinta ta manne a jikin inji, na ɗora sabuwa da tata robar a kai, roba biyu ke nan. Ina tada mota mai ya fara feshi kamar an buɗe famfo, Allah ya so ina tsaye ina kallo na kashe nan take. Na ɓata kusan lita biyu, na ɓata riga, maiɗakina ta leƙo ta ce, "To injiniya, an gama?" Ban tanka ba. Yanzu kafin in sa sabuwa sai na duba tsohuwar na ga robarta ta biyo ta, na goge wurin, na shafa ɗan mai a sabuwar roba, na ɗaure da hannu kawai. Da wani ne ya yi min wannan kuskuren da na cika gari da surutu, na sani.

Abin da ya fi min daɗi a ciki shi ne na san me na zuba. Murfin injina 0W-20 aka rubuta, wato nau'in man da yake sha, shi nake saye, ba wanda ke cikin durom ɗin da ban ga jikinsa ba. Man birki DOT 4 duk shekara biyu, don yana shan laima daga iska, in ruwa ya yi yawa a cikinsa ya tafasa a gangara sai ka taka birki ya tafi ƙasa fayau. Kar dai ka ga DOT 5 ka ce ai lamba ta fi girma ta fi kyau, shi na silikon ne, ba a haɗa shi da 3 ko 4. Batir ina gwada shi da 'yar mita, lafiyayye bolt 12.6 ne in mota na kashe, in tana aiki ya kai wajen 14. Taya ma na koyi karanta shekarunta, lamba huɗu ce a gefe, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, 2321 na nufin sati na 23 na 2021. Tsohon mai kuma a jarka nake tarawa in kai inda ake karɓa, ba a zuba shi a kwata.

Sai 'yar na'urar sikanin mai karanto matsalar mota daga kwamfutarta, wannan ita ce ta fi komai fanshe kuɗinta. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motoci tsarin OBD-II, daga baya kusan kowa ya bi, soket ne mai rami 16 a ƙasan sitiyari, ka soka ta haɗu da wayarka. Wata safiya inji ya fara rawa fitilar inji ta kama, da a da ne cikina ya ɗuri ruwa. Na soka ta nuna P0302, wato silinda ta biyu na tsallake wuta. Na cire koyil na biyu, wato abin da ke ba fulogi wuta, na musanya da na uku, na goge lambar, na zaga na dawo, sai ga P0303, wato matsalar ta koma silinda ta uku. Ciwo ya bi koyil ke nan, ba fulogi ba ne ba kuma inji ba. Koyil ɗaya na saya, noti ɗaya ne ke riƙe da shi. Amma fa lambar ba hukunci ba ce, tana nuna maka unguwar da matsala take ne ba gidan ba, na ga masu canja sensa uku a jere don na'ura ta ambaci sunan sensa alhali waya ce ɓera ya ci.

Akwai inda ba na kai hannu ko kaɗan. Jakar iska, cikin giya, gas ɗin AC, taimin, duk nasu ne. Wanda ke da mota mai haɗin batir da fetur kuwa, wayoyin nan masu ruwan lemo wuta ce mai kisa, ko kusa kar ka je. Mai garanti kuma ya karanta takardarsa kafin ya taɓa komai. A Amurka akwai doka tun 1975 da ta hana kamfani soke garanti don kawai ka yi sabis a waje, a Tarayyar Turai ma kana iya kai wa gareji mai zaman kansa in an bi jadawali da kayan da suka dace, amma ba ko'ina ne haka ba, kuma ko ina ne gara kana da shaida. Shi ya sa nake da ɗan littafi a mota, kwanan wata, kilomita, abin da na sa, rasit a maƙale.

In tauraro biyar ne, manyan ayyuka da garanti zan ba su huɗu, sabis na yau da kullum biyu, kuma biyun ma saboda haƙurin da suke bayarwa ne. Wata mai zuwa zan kai musu ita canjin man giya, na riga na roƙa a ba dattijon nan, na ce kuma a ajiye min duk abin da aka cire in gani. Na ɗiga farin fenti a kan notin giyar jiya da yamma, na ɗauki hoto.