Hattara da masu tallan "bulon da wuta ba ta ci"

Jama'ar Kano, musamman masu tuwon sayarwa, masu waina da masu girkin biki a murhun itace, a yi hattara. Akwai wasu samari da ke bi gida-gida, an gan su a wajajen Ɗorayi da Kurna, suna tallan bulo na musamman da za a shimfiɗa a ƙarƙashin murhu. Sai su fara tsorata mace da zancen gobarar hunturu, su nuna mata bidiyo a waya ana hura wa bulo wutar gas bai ko yi gezau ba, sannan su nemi rabin kuɗi kafin alƙalami. Abin da suke saukewa kuwa intalok ne na siminti, irin na tsakar gida, an shafe shi da jan fenti.

Gwaggota na cikin waɗanda suka yi wa. Yaron cewa ya yi: "Hajiya, ai da irinsa ake gina tandar gidan burodi, har jikokinki sai sun gaje shi." Ba a daɗe ba fentin ya ƙone ya bar wari a madafi, bulon ya fara ɓantarewa da ƙara kamar an harba gwafa, har wata safiya tukunyar miya ta karkace, Allah ne ya tsare ƙafar yarinyar da ke iza wuta. Lambarsa tun ranar a kashe take.

Gaskiya ne siminti ba ya kamawa da wuta, a nan suke fakewa. Amma daga zafi ya haura digiri 300 a ma'aunin Salshiyos ƙarfinsa ke fara raguwa, wutar itace kuwa tana wuce 600 cikin sauƙi. Ga kuma danshin da ke maƙale a cikinsa: in ya zama tururi bai sami hanyar fita ba, sai ya fasa bulon. Shi ya sa iyayenmu ba sa ɗauko dutsen rafi su kafa murhu. Bulon wuta na ainihi da wani irin yumɓu ake yin sa, a gasa shi, yana jure sama da digiri 1,000. Launinsa ya fi kama da ruwan ƙasa mai haske, in ka ƙwanƙwasa yana amo. Gwajin ba wuya: ki ce a fasa ɗaya a gabanki kafin ki biya. Na gaske cikinsa da bayansa launi ɗaya ne, na bogi kuwa sai ki ga toka-toka da yashi da tsakuwa. Duk wanda ya hana a fasa, ki buɗe masa ƙofa.

Abin da ya fi ɗaga min hankali shi ne wani falle da suke ƙarawa a matsayin kyauta, wai "mai tare zafi". Wanda na gani tsohon silin asbesto ne da aka ciro daga rusau, a gaban matar gidan suka yanka shi da zarto, ƙura na tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kowane nau'in asbesto na jawo kansa, ciki har da ta huhu, kuma ciwon kan ɗauki shekaru 20 ko fiye kafin ya bayyana. Wannan za a ajiye inda mace ke wuni da goyo a baya? In yana gidanki kada ki fasa, kada ki share ƙurarsa a bushe. A jiƙa shi da ruwa, a naɗe a leda, a fitar.

Murhun gida ma ba ya buƙatar wani bulo mai tsada. Daɓen ƙasa ya isa, ko a zuba yashi a jera gasasshen jan bulo a kai, a haɗa da kwaɓin yumɓu maimakon siminti. A bar shimfiɗar ta zarce bakin murhu kamar kamu guda saboda garwashin da ke faɗowa. Tayil zalla yana tsagewa, ledar ɗaki kuwa ba a ma maganarta.

Mai gidan burodi da ke buƙatar bulon wuta na gasken ya je Kasuwar Ƙofar Ruwa, wurin mai shago da za a iya komawa gobe, ya karɓi rasit. Wadda suka riga suka karɓe wa kuɗi ta adana shaidar turawa da lambar wayar, ta kai ƙara caji ofis mafi kusa ko Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ta Jihar Kano, ta kuma sanar da mai unguwa.