Masu buga CV a kusa da Babbar Kasuwar Yamai

Aikinsu na da tsabta, shafi 2 cif, amma wanda ya haura shekara 45 ya sa ido. Tsohon tsari suke bi: ranar haihuwa da hoto a sama, sannan shekarar BEPC (jarrabawar kammala ƙaramar sakandare), wadda ita kaɗai ta isa ta tona shekarunka. Ce musu su cire duka.

Ayyukan shekara 10 zuwa 15 na baya-bayan nan su zo dalla-dalla. Na can baya a dunƙule su layi ɗaya, ba kwanan wata. Kada dai a sauya shekara, takardar shaidar aiki za ta ƙaryata ka.

Wannan dabarar ta kamfanoni da ONG (ƙungiyoyin da ba na gwamnati ba) ce. Jarrabawar shiga aikin gwamnati kam sai da takardar haihuwa.