RAM na UNESCO: shin awon shirin ƙasa kan ƙirƙirarriyar basira yana biyan buƙata?

A watan Nuwamban 2021 ƙasashe 193 na UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka amince da shawarar da ta shimfiɗa ɗa'ar amfani da ƙirƙirarriyar basira. Ɗaga hannu a zauren taro ba wuya. Wuyar ita ce gwamnati ta san ko tana da dokoki, ma'aikata da kayan aikin cika alkawarin. Domin haka hukumar ta fito da RAM a 2023, tsarin awon shirin ƙasa kan ƙirƙirarriyar basira (Readiness Assessment Methodology a Turance), wanda ƙasa ke nema da kanta a gudanar mata. A ganinmu ya cancanci a nema, amma ingancin rahoton yana hannun masu cike shi.

Gwamnati ce ke fara nuna tana so, ta ɗora aikin a wuyan wata ma'aikata. Daga nan a ɗauki ƙwararre ɗan ƙasa ya tattara amsoshi, a kafa kwamitin da zai sa ido. Tambayoyin sun kasu gida 5: doka, zamantakewa da al'adu, kimiyya da ilimi, tattalin arziki, sai kayan fasaha. Bayan an cike, a kira tarukan jin ra'ayi, a rubuta rahoto mai ɗauke da shawarwari, a wallafa shi a dandalin sa ido da UNESCO ta buɗe a watan Fabrairun 2024 a taron Kranj na ƙasar Sloveniya.

Ɓangaren doka ne ya fi burge mu, kuma a nan ne ha'inci ya fi sauƙi. Tsarin bai tsaya ga tambayar ko akwai dokar kare bayanan mutane ko ta 'yancin samun bayanai ba, yana ƙara tambayar ko an taɓa auna tasirinta. Wannan ta biyun ita ce zuciyar aikin, kuma ita ce ta fi sauƙin tsallakewa. A rubuta "akwai", a liƙa sunan doka da shekararta, a wuce. Ƙwararren da ya san aikinsa ba zai karɓi wannan ba. Zai je hukumar kare bayanai ya tambayi ma'aikata nawa ne, cikinsu nawa ne za su iya binciken manhaja, ƙorafi nawa aka shigar bara kuma nawa aka kammala, an taɓa cin wata ma'aikatar gwamnati tara ko kamfanoni kaɗai ake kamawa, sannan wa ke da ikon tsige shugaban hukumar. Hukumar da minista zai iya sallamar shugabanta da wasiƙa ɗaya ba za ta tsawata wa wannan ministan ba, komai kyan dokar da ta kafa ta.

Alƙaluma kuwa, da yawansu ana ɗauko su ne daga ma'ajiyar Bankin Duniya da ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU: masu samun lantarki, masu shiga intanet, kason arzikin ƙasa da ke tafiya bincike. Wasu tsofaffi ne, kuma matsakaicin lissafi yana ɓoye tazarar birni da karkara da ta maza da mata, duk da cewa tsarin ya nemi a rarrabe su. Inda babu adadi a bar gurbin fayau a faɗi dalili. Gurbin da ba kowa sakamako ne mai daraja, domin ƙasar da ba ta ƙidaya masu rasa aiki ba za ta gane ranar da na'ura ta fara raba mutane da abincinsu ba.

Wani abin yabo shi ne RAM ba ya jera ƙasashe daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe. Ma'aunin da kamfanin Oxford Insights na Birtaniya ke fitarwa shekara-shekara yana yin haka, shi ma na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ya fito a 2024 ya ba ƙasashe 174 maki. Suna da amfaninsu, sai dai inda akwai gasa kowa yana ƙawata amsarsa. Da aka cire gasar, jami'i zai iya cewa "ba mu da shi" ba tare da jin kunya ba. Chile ta nuna abin da awon RAM zai iya haifarwa: tana cikin na farko da suka kammala, kuma a watan Mayun 2024 ta fito da sabuntacciyar manufarta ta ƙasa kan ƙirƙirarriyar basira tare da ƙudurin doka da ta miƙa wa majalisa.

Tarukan jin ra'ayi su ne gurbin da ya fi rauni, domin jerin sunayen da aka gayyata shi ke yanke abin da za a ji. Idan jami'ai, malaman jami'a da kamfanonin fasaha kaɗai suka hallara, rahoto zai cika da batun jari da cibiyoyin adana bayanai. A nemo alƙalai, ƙungiyoyin ƙwadago, masu buƙata ta musamman, masu magana da harsunan da manhajoji ba su iya ba, da musamman jami'an sayo kaya, tunda ta hannunsu manhaja ke shiga asibiti da ofishin haraji.

Akwai kuma abin da RAM ba zai taɓa gani ba, domin ƙasa yake aunawa, ba manhaja guda ba. Holan tana da dokar kare bayanai mai ƙarfi da ƙwararru birjik, amma hukumar harajinta ta yi amfani da lissafin kwamfuta da ke ɗaukar asalin ƙasar mutum a matsayin alamar zamba wajen tallafin renon yara. An tilasta wa dubban iyalai mayar da kuɗi bisa zalunci, har gwamnati ta yi murabus a watan Janairun 2021. Irin wannan ɓarna tana ɓuya ne a cikin tsari guda na ofishi guda, shi ya sa UNESCO ta haɗa RAM da wani awon daban, EIA, wato awon tasiri ta fuskar ɗa'a, wanda ake yi wa kowace manhaja, musamman lokacin da hukuma za ta saye ta. Ƙasar da ta ɗauki na farko ta bar na biyu ta yi rabin aiki.

Shawarwarin rahoton ba su da ƙarfin doka, kuma fasahar tana sauyawa da sauri, don haka rahoton yana tsufa. Kafin a fara, a amince cewa kowace shawara za ta fito da sunan ma'aikatar da za ta aiwatar, wa'adi da layinta a kasafin kuɗi, a kuma sa ranar sake awon bayan shekara 2 ko 3. Kwangilar sayen manhaja kuma ta ƙunshi 'yancin bincike daga waje, bayanin inda aka samo bayanan horar da ita, da sunan jami'in da ɗan ƙasa zai kai wa kuka idan na'ura ta hana shi haƙƙinsa.