Neman Sunan Sojan Ruwan da Teku ta Ci: Sharhi kan Shafin Binciken CWGC

Sojan da ya mutu a filin daga sau da yawa yakan sami kabari, amma wanda ya nitse tare da jirginsa ba ya barin wurin da dangi za su je su tsaya. Wannan giɓi ne Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta Ƙasashe Renon Ingila, wadda aka fi sani da CWGC, take ƙoƙarin cikewa ta hanyar shafinta na intanet, inda kowa zai iya neman sunan mamaci ba tare da biyan ko sisi ba. An kafa hukumar a 1917 bisa ƙoƙarin Fabian Ware, kuma rumbun bayananta yana ɗauke da sunayen mutum kusan miliyan 1.7 da suka rasu a yaƙe-yaƙen duniya biyu.

Jirgin da ya fi dacewa a gwada shafin da shi shi ne jirgin yaƙin Birtaniya HMS Hood, wanda jirgin Jamus mai suna Bismarck ya nutsar a mashigin Denmak, tsakanin Greenland da Iceland, ranar 24 ga Mayu, 1941. Wuta ta kai ga ma'ajiyar albarusansa, ya tarwatse, ya nitse cikin 'yan mintoci, kuma daga cikin mutum 1,418 da ke ciki uku kaɗai suka tsira. Idan mai bincike ya rubuta sunan dangin sojan tare da wannan rana, shafin zai fito masa da muƙaminsa, da lambarsa ta aiki, da sunan jirgin, da shekarunsa idan an san su, sannan da lambar allon da aka zana sunansa a kai. Lambar allon nan ita ce abu mafi daraja a duk bayanin, domin ita ce ke tsayawa a madadin kabari. Bayan yaƙin farko an gina hasumiyoyin tunawa iri ɗaya a Chatham da Plymouth da Portsmouth, wato tashoshin Ingila da ake ɗaukar ma'aikatan jiragen a lokacin, kuma galibin mutanen Hood suna kan allunan Portsmouth, inda sunaye kusan 25,000 suke fuskantar teku.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda shafin bai fifita kowa ba. Tsarin bayanin Lancelot Holland, babban kwamandan da ya rasu a cikin Hood, ɗaya yake da na ƙaramin yaron da bai jima da fara aiki ba. Wanda ya duba mamatan HMS Royal Oak, da jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus U-47 ya harba a Scapa Flow, sansanin sojan ruwa a arewacin Scotland, ranar 14 ga Oktoba, 1939, zai ga shekaru 16 da 17 suna ta maimaituwa, domin cikin mutum fiye da 830 da suka halaka, sama da 100 ba su kai shekara 18 ba. Ana kuma iya sauke takardar shaidar tunawa mai ɗauke da sunan mamacin, wadda ta isa a buga a ajiye a gida.

Sai dai kada mai bincike ya sa ran zai san mutumin daga nan. Shafin ba ya bayar da labarin yadda jirgi ya nitse, kuma layin da ke faɗin sunan iyaye ko matar mamaci ya dogara ne ga abin da dangi suka cike wa hukumar a lokacin, saboda haka a shafuka da dama babu komai a wurin. Hotuna da tarihin mutanen Hood sai an nufi shafin ƙungiyar tunawa da jirgin. Haka kuma hukumar tana da iyakar lokaci: a yaƙi na biyu, daga 3 ga Satumba, 1939 zuwa 31 ga Disamba, 1947, kuma sojojin ruwan Amurka ko Jamus ba sa cikin hurumin wannan aiki. Ita kanta hukumar ta amince a rahoton 2021 cewa aƙalla mutum 116,000 na yaƙin farko, galibinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ƙila ba a rubuta sunayensu ba, wanda ke nufin rashin ganin suna a shafin ba hujja ba ce ta cewa mutum bai yi aikin ba.

A ganina, a nan ya kamata a fara duk wani bincike kan sojan ruwan Birtaniya da ya ɓata a teku, musamman idan akwai lambarsa ta aiki a hannu, domin sunaye iri ɗaya suna da yawa, kuma lambar ce ke raba wannan mamaci da wancan.