Sharhi: Wasan waya na matar da ke ba 'yan mata shawara a ɓoye

Manhajar labari ce, irin wadda kai ke zaɓar abin da zai faru gaba. Za ka zama wata 'yar manyan gida a Landan, zamanin da ciwo ya kwantar da Sarki George na Uku, ɗansa ke riƙon sarauta, wato 1811 zuwa 1820. Da rana tana shan shayi cikin matan manya kamar ba ta san komai ba. Da dare tana amsa wasiƙun 'yan mata da sunan aro, ana bugawa ana sayarwa a asirce.

Tallar ta nuna kamar zancen batsa ne. Ashe abin kunyar da baiwar Allah ke aikatawa maganar kuɗi ce! Yarinya za ta rubuto tana kukan soyayya, ita kuwa ta ce mata kada ta amsa wa kowa sai iyayenta sun sa an rubuta yarjejeniyar dukiya. A dokar Ingila ta lokacin, da zarar an ɗaura aure kuɗin mace ya koma hannun miji, sai a 1870 da 1882 aka gyara. Saki kuwa, kowane ɗaya sai majalisa ta yi masa doka ta musamman, har zuwa 1857. Mu da muka saba mace ta riƙe sadakinta da gadonta, abin zai zo mana banbaraƙwai. Nan marubutan suka burge ni.

Babin da ya fi daɗi shi ne na yarinyar da ke son gudu da saurayinta zuwa ƙauyen Gretna Green a Sikotilan don a ɗaura musu aure a can, tunda dokar 1753 ta hana wanda bai kai shekara 21 ba aure a Ingila sai da yardar iyaye. Na ce ta haƙura. Ta ƙi ji, kuma wasan bai nuna wanda ya yi daidai tsakaninmu ba.

Amma akwai sakaci. Ana nuna wasiƙu cikin ambulan da kan sarki, alhali kan sarki sai 1840 ya fito. Kafin nan naɗe takarda ake yi a liƙe, kuma galibi mai karɓa ke biya. Turancin ma tsoho ne, sai da ƙamus a kusa.

Abin haushin shi ne duk amsa mai yaji an kulle ta sai ka biya, ta kyauta kuwa lami ce. Babi ukun farko kyauta ne, a fara gwada su kafin a saka ko sisi.